Ranar da Na Shafa wa Motar Alhaji Nomau Gam

Mu bakwai ne a wurin, kuma har yau ina iya nuna inda kowa ya zauna. A waje, gindin itacen bedin da ke ƙofar gidanmu, akwai mahaifina Arzika Bakanike, da Alhaji Nomau mai fataucin albasa daga Kalmalo, wanda ya shimfiɗa buzunsa ya zauna zaman wanda bai da niyyar tashi, da direbansa Isufu, wani ɗan Konni mai dogon wuya da yawan dariya. Akwai kuma Bawa wanzami, wanda babu abin da ya kawo shi sai inuwa da son jin labari. A cikin gida akwai Inna, da kakata Tumba wadda ta haifi Baba, sai ni Kulu, ina da shekara goma ko sha ɗaya, don ba wanda ya rubuta. Asabar ce, jajibirin kasuwar Illela, cikin bazarar shekarar da aka canza wa motoci hannu, aka ce kowa ya koma bin dama kamar mutanen Nijar. A tsakiyarmu duka kuwa ga motar Alhaji, farar akori-kura, an ɗaga gabanta an tokare da kututture, baƙin mai na ɗiga daga cikinta yana yi wa ƙasa tabo.

Garejin Baba ba wani gini ba ne. Inuwar bedin nan ce, da akwatin katako mai sufanu da filaya da guduma, da wata tsohuwar tabarma da mai ya rine wadda yake kwanciya a kai in zai shiga ƙarƙashin mota. Motocin garin a lokacin ba su da yawa, kowace mun san mai ita, mun san kukanta tun daga nesa. Da wannan inuwa muke ci, sai ɗan abin da Inna ke samu a masar da take toyawa da safe. Ni ce 'yar fari, waɗanda suka biyo ni kuma ba su zauna ba, sai can daga baya aka samu ƙanena. Saboda haka aikin gida duk a kaina ya ƙare: ɗebo ruwa, surfe, yankan ciyawar awaki a bayan gari, hura wutar masa, da shafa wa tanda mai da ɗan tsumma ɗaure a kara. In na cika mai Inna ta ranƙwashe ni ta ce, "Ke, man gyaɗa ba ruwan tafkin Kalmalo ba na." In na rage kuma masa ta kama, nan ma ranƙwashi. Da rana ta ɗaga in ɗauki faranti in nufi tasha, in bi ta bayan makarantar boko ina jin yara suna rera abin da ban san ma'anarsa ba. Ban tsaya leƙe ba ko sau ɗaya, ba a aike ni can ba. Da yamma in an taru wasan carafke, sauran 'yan mata da tsakuwa suke yi, ni da tsofaffin notunan Baba, kuma ba mai cinye ni.

Da yake ni 'yar fari ce, Inna da Baba ba su kiran sunana. Haka aka saba, kunya ce. Inna ta ce "ke", Baba ya ce "yarinyag ga", ko ya yi gyaran murya kawai in san da ni ake. Kaka Tumba kaɗai ke kirana, ita ma ba Kulu take cewa ba, sai Uwar Sa-ido, wai don ko allura ta faɗi cikin tsakar gida ni zan ce ga inda ta gangara.

Wannan sa-idon ne ya sa na riga kowa gane abin da ke damun Baba. Wata rana na kai masa fura, na ga yana laluben noti a kan tabarma, alhali ga notin nan kusa da gwiwarsa, rana na haska shi. Hannunsa ya wuce ta gefensa ya dawo, ya sake wucewa. Na sa ƙafa na tura masa shi har ya taɓa yatsansa. Ya ɗauka ya ci gaba da aikinsa. Daga nan na fara lura: wani farin abu kamar yanar nono ya soma hawa baƙin idonsa, in mutum ya yi sallama sai ya jira ya ji murya kafin ya ambaci suna. Kaka ta yi ta kawo tozali da saiwoyi, ba abin da ya sake. Ba a jima ba ya sallami yaran da ke koyon aiki a wurinsa, ya ce aiki ya ja baya. Ba aiki ne ya ja baya ba. Tsoro yake kada su gani su kai gari, don ba mai ba makaho motarsa. A cikin gida kowa ya sani, amma ba a taɓa faɗa da baki ba. Abin da aka koma yi shi ne, duk ƙaramin aikin da ke son ido sai Baba ya shigo da shi ciki, ya ce zai ba mata su wanke da toka. Namiji kuwa ba ya wuce zaurenmu. Abin da ya faru bayan zaure namu ne.

Motar Alhaji Nomau ce ta ƙi ba mu wannan sutura. A gindin injin mota akwai wani kasko na ƙarfe inda baƙin mai ke taruwa. Tsakanin bakin kaskon da gindin injin ana sa gaskit, wani kwali mai kauri da ake yankawa daidai bakin, a shafa masa gam, a ɗaure da notuna don kada mai ya sami hanyar fita. Nan ne motar ke zuba. Baba ya gyara ta, ta dawo. Ya sake gyarawa, ta sake dawowa. Duka biyun a waje ya yi aikin shi kaɗai, saboda Alhaji mutum ne da ba ya barin motarsa ya tafi, zama yake yana kallo har a gama.

Ranar ina bakin zaure ina tsince shinkafar masa, na ji Alhaji yana magana a hankali, irin maganar da ta fi tsawa nauyi. "Arzika, ni da kai ba mu taɓa saɓawa ba. Amma jiya bisa hanyar Gidan Katta fitilar mai tak kama, da Isufu bai tsaya ba da inji ya tahi. In motag ga ta ƙara ɗiga, Konni za ta, da ita da ta ƙanena. Kada ka ga laihina."

Isufu ya yi dariya yana kaɗa makulli a yatsa. "Can wajenmu, Alhaji, wanga aiki kahin shayi shi tahwasa an gama. Amma hwa masu ido ka yin shi."

Bawa wanzami, wanda ke wasa askarsa a kan fata, ya tsaya cak. Shi kuwa abin da ya ji da hantsi, kafin la'asar ya kai shi kan duk wanda ya yi wa aski. Motocin gidan Alhaji su ne rabin aikinmu. In suka tafi, suka tafi da dalilinsu a bakin Bawa, sauran ma ba za su tsaya ba.

Baba ya juya wajen Alhaji. "To, Alhaji," kawai ya ce. Ya ja tabarmarsa ya shiga ƙarƙashi, ya tsiyaye man a cikin daro, ya kwance notunan da lalube yana jefa su cikin kwano, ya kankare gindin injin yana bi da farce har ya ji ya yi sumul. Sannan ya fito rungume da kaskon ya ce, "Bari in kai ma mata su wanke, toka ta hi fetur cin dauɗa." Alhaji ya bi shi da ido har ya shige zaure. Ni kuma na kwashi shinkafata na bi bayansa.

Da aka ajiye kaskon a tsakar gida, rana ta faɗa cikinsa, sai na ga abin da Baba bai iya gani. Gam ne jibge a bakin, ya tumbatsa ya zubo ciki ya daskare ƙullutu-ƙullutu, wasu ma sun ɓalle suna kwance a gindi cikin sauran mai. Kaka Tumba ta leƙa daga kan kujerarta ta ce, "Arzika, wanga gyaran mota na ko yaɓen rumbu?" Baba ya shafa da hannu, ya ji. Shi da kansa ne ke cewa gam ba shi ke riƙe mai ba, gaskit ne, gam ɗan cike gurbi ne kawai, in ya yi yawa ciki yake faɗawa ya toshe rariyar da ke tsotso mai, inji ya mutu da ƙishirwa. Ya san haka fiye da kowa. Amma da ido ya ƙi, sai hannu ya riƙa ƙarawa don tsoron kada ya bar wani wuri fili.

Inna ta ɗauko tsohuwar wuƙar yankan kuɓewa ta shiga kankara, ni ina bin bayanta da toka da ruwan zafi, sannan da tsumma da fetur, har ƙarfen ya fito fari fes. A wata kusurwa na tarar da ɓallin tsohon gaskit maƙale, siriri kamar ɓawon albasa, wanda yatsa ba ya ji. Na cire shi da farce na sa wa Baba a tafin hannu. Ya murza shi ya jefar. Daga nan ya ɗauko wani miƙaƙƙen ƙarfe ya ɗora a kan bakin kaskon, ya ɗaga su sama wajen rana, ya ce, "Yarinyag ga, duƙa ki diba. Inda duk kig ga haske na wucewa ƙarƙashi, kama yatsana ki aza." Na duƙa na rufe ido ɗaya. Haske kuwa na wucewa, kusan a tsakanin kowace huda da 'yar'uwarta, saboda yawan ɗaure noti da ƙarfi ya sa ƙarfen ya tattaru a bakin hudojin. Inna ta kifa turmi, Baba ya ɗora bakin kaskon a gindinsa, ina aza masa yatsa yana bugawa da ƙaramar guduma, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Mu buga mu ɗaga, mu buga mu ɗaga, har na ce masa, "Baba, ba haske." Ya ce in sake dubawa. Na sake, na ce babu.

Takardar gaskit ɗin daga Sakkwato yake sayo ta, yana ɓoye ta ƙarƙashin gadon Inna don gara da awaki, kuma abin da ya rage bai wuce na yanka ɗaya ba. Ya shimfiɗa ta a bakin kaskon, ni na danne da hannu biyu, shi yana bin gefe da guduma, ƙarfen da kansa yana yanka takardar. Wannan hannunsa ya sani, ba ruwansa da ido. Hudojin ne nawa: in nuna, ya buga, in hure ɓallin in leƙa in ga ko ta fita zagaye.

Sai gam. A wata 'yar kwalba yake, ja mai duhu kamar zumar da ta daɗe, da wari mai hawa kai. Baba ya buɗe, ya riƙe ta, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙo min. Ban taɓa taɓa kwalbar nan ba, ko matsar da ita ba a yarda in yi ba. "Awa yadda kika shahwa ma tanda mai," in ji shi. "Ko'ina shi samu, ko'ina kada shi kwanta." Kaka ta fizge gashin kaza ɗaya daga tsintsiyar fifita wuta ta ba ni. Na tsoma bakinsa kaɗan, na share a wuyan kwalba, na fara ja. Ban yi sauri ba, ban kuma tsaya ba, don in ka tsaya nan yake taruwa. Na zagaye kowace huda, na bi dogon gefe da numfashi ɗaya, har ƙarfen ya yi launin shayi, ana hango farinsa ta ciki. A kusurwoyi gashin ya ƙi shiga lungu, sai na ajiye shi na sa yatsu. Muka ɗan jira ya sha iska. Baba ya taɓa da bayan yatsa, ya ji ya fara kamawa bai biyo shi ba, ya ce in aza gaskit. Na aza, huda a kan huda. Inna ta kawo zaren ɗinki ta ɗaure shi a kusurwoyi ta cikin hudojin don kada ya goce in an ɗaga, dabarar da ita ta ƙirƙiro wa Baba tun ina goye. Na sake shafa wa samansa, wannan karon ma fi siriri. Baba ya tallabi kaskon kamar mai ɗaukar ƙwaryar nono cike, ya fita.

Sai a lokacin na dubi hannuna. Yatsuna duk sun rine ja, har ƙarƙashin farce. Kaka ta ƙyalƙyale da dariya. "Uwar Sa-ido, yau kin sha lallen da ba biki. Wa za mu ce ya kawo kaya, Alhaji ko motatai?" Ta goge min da toka, ta goge da kananzir, abu ya ƙi fita, sai ma ƙara duhu. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke, kada in ga ƙahwarki bakin zaure yau."

Ba ta rufe baki ba Isufu ya rafka sallama daga waje, wai Alhaji na son ruwa. Inna ba ta fita. Kaka gwiwoyinta sun daɗe da ƙin kai ta zaure. Baƙo kuma ba ya roƙon ruwa a ƙofarka ka hana shi. Inna ta cika kwanon sha daga randa, ta lulluɓe min hannuwa da gefen mayafina, ta ce in ajiye in juyo. Amma babba ba a ajiye masa ruwa a ƙasa a juya. Durƙusawa ake yi a miƙa da hannu biyu, a jira ya karɓa. Ina durƙusawa na miƙa, mayafin ya zame.

Alhaji ya karɓi kwanon, amma bai kai baki ba. Idonsa na kan yatsuna. Isufu ya matso ya sunkuyo da dogon wuyansa ya shinshina, sannan ya tafa hannu. "La ilaha! Alhaji, diba lallen ɗiyar bakanike! Wanga ai gam na. Ke, mi kit taɓa? Ashe wankin toka da aka hwaɗi shi na wanga?"

Bawa ya ajiye askarsa gaba ɗaya. Ni kuwa ina nan durƙushe. Ƙarya ba ta zo min ba, gaskiya kuma ba tawa ba ce da zan faɗa. Ƙafafun Baba kaɗai ake gani, sun leƙo daga ƙarƙashin motar, da ƙarar sufana tana juya noti. Sai ƙarar ta tsaya.

Daga ƙarƙashin motar muryarsa ta fito, ba rawa a cikinta. "Kulu tay yi shi, Alhaji. Ita tag ga inda bakin kasko yal lanƙwashe, ita tas shahwa gam. Idanuna ba su gani awa da, kuma ba yau abin yas soma ba. Wancan karon da wancan ni niy yi, ka ga abin da yab biyo. Wanga nata na." Ya ɗan tsaya, sannan ya ɗaga murya. "Kulu! Taho nan ki diba min."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Har na juya ina neman wadda ake kira. Sai na ɗaure mayafina a ƙugu, na kwanta a kan tabarmar nan mai mai, na ja jiki na shiga kusa da shi, a gaban Alhaji da direbansa da wanzamin gari. Ƙarƙashin mota akwai sanyi da warin ƙarfe. Baba ya riga ya kama notunan duka da hannu, ya tsinke zaren Inna ya zare. Ya ce zai fara ɗaurewa daga tsakiya, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, yana tafiya zuwa baki, ni kuma in sa ido a kan haɗin. In na ga gam ya fara tsattsafowa kamar zufa a goshi, in ce ya isa. Haka muka yi. Ya juya, in ce, "Ƙara kaɗan." Ya juya, in ce, "Ya isa." Ko sau ɗaya bai ƙara a kan maganata ba. Ina jin Isufu a waje yana cewa yau motar Alhaji ta zama tandar masa, saura a zuba ƙullu, yana dariya shi kaɗai.

Da muka fito, Alhaji Nomau ya shanye ruwansa, ya miƙo min kwanon. Ya dubi Baba ya daɗe, kamar yau ya fara ganin farin da ke cikin idon. "Da ka hwaɗa min tun hwarko, Arzika," ya ce. Baba ya sunkuyar da kai. Alhaji ya ce, "To. Ni ban san aikin mata ba, ban san na maza ba. Mota nika so ta bar zuba. A zuba rairayi, shi ka raba mu."

Wannan al'adar Baba ce da kowa ya san shi da ita. In ya gama aikin da ya shafi zubar mai, sai a share ƙasa a shimfiɗa farin rairayi, mota ta kwana a kai, da safe mai ita ya zo ya gani da idonsa. Ba a zuba mai nan take ba, Baba ya ce sai gam ya kama, ko da Isufu na ta ƙorafin rana na tafiya. Sai bayan la'asar aka zuba sabon mai, aka tada inji, Isufu ya ja ta zuwa hanyar Kalmalo ya dawo da ita da zafinta. Ni na ɗebo rairayin a bayan gari, na tankaɗe shi da rariyar Inna, na baza da tafin hannu. Aka gyara mata tsayuwa a kai. Alhaji ya karɓi makullin daga hannun Isufu ya sa aljihu, ya naɗe buzunsa. Bawa kuwa tuni ya rataya zabirarsa ya yi cikin gari, kuma kafin magariba matan da ke zuwa sayen ƙullu sun fara tambayar Inna wai da gaske ne. Inna ta ci gaba da auna musu ƙullu. Da ta zuba tuwo dai, na ga ta tura min tsokar da ta saba ajiye wa Baba.

Yau inda bedin nan yake shaguna ne, motoci kuma sun yi yawan da ba mai sanin kukan ta wani. Jikana yana da gareji a hanyar Konni, da rumfar kwano da daɓen siminti. Nakan sa a kai ni in zauna, ba don yaransa suna so ba. Gam ɗinsu na yanzu a cikin bututu yake, kamar man goge haƙori, wani ja wani toka-toka, kuma na yarda ya fi namu ƙarfi. Amma sai in ga yaro ya matsa shi kamar mai zuba miya, bai kankare tsohon ba, bai ɗaga kasko ya duba haske ba, ya ɗaure da na'ura mai ƙara, ya zuba mai tun gam na ɗanye, mai mota ya ja ya tafi. In na ce, "Kai, rage hannu, ciki shika hwaɗawa," sai su ce, "To, Hajiya," su jira in kau da kai. Ba na kau da kai. Wurin duk tabon mai ne, tsoho a kan sabo, ta yadda ko mota ta kwana tana zuba ba mai iya cewa nata ne. Na yi aiki da Baba a inuwar bedin nan har aka kai ni ɗaki, bayan nan ma ana aiko min da takarda in yanka gaskit a gidana, har Allah ya yi wa Baba rasuwa. Yanzu nawa idon ma ya fara hazo. Nakan duba cikin yaran in ga ko akwai mai turo min abu da ƙafa ba tare da ya yi magana ba.

Washegarin ranar da na shafa gam ɗin, ana idar da sallar asuba na fita, ko wutar masa ban hura ba. Gari ya fara haske. Na durƙusa a gaban motar na leƙa. Rairayin na nan fari yadda na baza shi, har da shatin yatsuna, babu komai a kai sai sawun wani buzuzu da ya ratsa. Ban yarda ba, na shiga ƙarƙashi ta gefe, na bi haɗin da gefen mayafina tun daga wannan kusurwa har na zagayo. Ya fito a bushe. Na samo kara na zauna gadi, ina korar kaji da awaki da 'yan kallon da Bawa ya tara mana, kada wani ya taka kafin mai ita ya zo. Da Alhaji ya iso, ya tattare rigarsa ya duƙa da kansa, ya duba, ya sake dubawa. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya jefa wa Isufu makulli ya ce a je a yi lodin albasa, kasuwa ba ta jira. Sannan ya juya wajen Baba ya ce motar ƙanensa na nan tafe bayan kasuwa, ita ma tana zuba.

Baba ya ce Allah ya kawo ta lafiya. Ni kuwa na shiga gida, na wuce Inna da tandarta, na ɗauko 'yar kwalbar gam da gashin kazar nan da miƙaƙƙen ƙarfen nan. Na ratso zaure da su a hannu, ban rufe ba, na jera su a kan akwatin Baba a gindin bedi, na share wuri kusa da tabarmarsa na zauna.